Keke ko tabilet, wanne za a saya wa yaron da ya ƙwallafa rai a Kirsimetin bana?

Da zarar Nuwamba ta raba yara sun fara lissafi, kuma a gidaje da yawa in yaro yana tsakanin shekara shida da goma sha biyu zaka ji maganar kyautar Kirsimeti ta tsaya kan abu biyu, ko keke ko tabilet, wato kwamfutar hannun nan mai faɗin fuska. Wanda Allah ya hore masa ya saya duka biyun toh wannan rubutun ba nashi bane. Ina magana ne da Mama da Baban da kuɗin abu ɗaya ne a hannunsu, ga yaro yana binsu ɗaki ɗaki yana tuni, su kuma sun rasa wanne zai amfane shi, wanne kuma zai koma ƙarƙashin gado kafin Fabrairu. Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu dan kada in ja ku da nisa: in yaron bai kai shekara goma ba, kuma akwai filin da zai hau ba tare da mota ta razana shi ba, ni keke zan saya, mace ce ko namiji. Amma akwai gidajen da tabilet ɗin ne daidai kuma zan zo kansu, dan bana son kowa ya ɗauka wai na'ura ce nake ƙi.

Kafin ma a taɓa maganar wanne ya fi, sai an fara gane wane irin so yaron yake yi wa abin, dan so iri biyu ne kuma daga nesa kama suke. Akwai wanda yaro ya gani a hannun abokinsa ko a talla jiya, yau ya tashi da kuka, jibi ya manta. Akwai kuma wanda ya zauna masa a zuciya wata da watanni. Na san na biyun nan sosai saboda ni keke na ƙwallafa wa rai ina yaro. Ja nake so mai ƙararrawa, bayan littafin lissafina duk zanen keke ne, taya biyu da sarƙa da ɗan sirdi, wani yaron maƙwabta yana da shi sai in ya hau ni kuma in bi shi da gudu har numfashina ya ƙare, wani lokacin ya ɗan bani in tura, turawa kawai fa ba hawa ba, kuma ko wannan ɗin daɗi yake min. Ranar Kirsimeti na tashi tun da duhu na leƙa bayan ƙofa, na leƙa duk wani lungu da abu mai girma haka zai iya ɓuya, babu. An bani wasu ƙananan kayan wasa, na yi godiya yadda aka koya min amma maƙogwarona ya cushe har ban iya wasa da su ba ranar, kuma yau ko ɗaya a cikinsu bazan iya gaya maka kamanninsa ba. Sai a shekarar da ta biyo baya babana ya shigo da keken, na hannu ne, ba ja bane, fentin ma ya koɗe, ƙararrawar sai ka danna da ƙarfi take ƙara. Ko a jikina. Yaron da ya shekara yana son abu ɗaya ba launi yake nema ba, hawan yake nema, kuma irin wannan son ya cancanci iyaye su ɗauke shi da muhimmanci.

Shi kuwa so na yayi, duniya ta sha ganinsa. A 1983 a Amurka iyaye sun yi ta turereniya har da dambe a shaguna saboda wata 'yar tsana da ake kira Cabbage Patch Kids, wasu har rauni suka ji, a 1996 aka maimaita da Tickle Me Elmo, a 1998 kuma Furby, kowace shekara da nata abin da in yaro bai samu ba sai ya ji kamar shi kaɗai aka bari a baya. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce ka zaunar da yaron ka tambaye shi, in an saya maka me zaka yi da shi? Ka saurara da kyau. Mai son keke da gaske zai gaya maka inda zashi, da wa zasu yi tsere, har yadda zai riƙa wanke shi. Mai son tabilet in ya ce zan riƙa zane, ko akwai wani gem na gine-gine da muke yi da wane, ko ina son karanta kaza, toh wannan ya san abin da yake so. In kuwa amsar ita ce ai kowa yana da shi, shikenan ka gane, ba na'urar yake so ba, tsoron a bar shi a baya yake yi, kuma wannan tsoron tabilet baya maganinsa dan gobe wani zai zo da sabo.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye kada su yi shi ne gudun zaɓi, wato a ce tunda an rasa wanne, bari a raba kuɗin a sayo ƙananan abubuwa biyar shida a cika leda yaro ya ga yawa. Wani masanin tattalin arziki mai suna Joel Waldfogel a 1993 ya tambayi ɗaliban jami'ar Yale nawa kyaututtukan da aka basu suka kai a wajensu, ya lissafa ya ga tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da masu kyautar suka kashe a banza ya tafi, saboda sun sayi abin da mai karɓa baya so haka. A jami'ar Toledo kuma an gwada ƙananan yara 36 masu wata 18 zuwa 30, wani lokaci a basu kayan wasa 4 wani lokaci 16, aka ga da guda huɗun sun fi daɗewa kan kowanne kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Jarirai ne aka gwada, na sani, amma duk mai yara ya taɓa ganin ɗaki cike da kayan wasa yaro kuma yana tsaye a tsakiya yana cewa babu abin yi.

Toh yanzu mu zo kan jiki, dan nan ne keke ya yi wa tabilet fintinkau. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗan hau a kowace rana, kuma wani babban bincikenta da ya fito a 2019 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na yara masu shekara 11 zuwa 17 a duniya basa kaiwa. Keke yana cike wannan sa'ar ba tare da an roƙi yaro ba, ai matsalar ma ita ce ka shigo da shi gida in yamma ta yi. Ga kuma maganar ido wadda mutane basu cika sani ba. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantun firamare minti 40 na zama a waje kullum, bayan shekara uku aka duba, waɗanda suka kamu da matsalar rashin ganin nesa a cikinsu kashi 30.4 ne, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kashi 39.5. Taiwan ma tun 2010 take matsa wa makarantu su fitar da yara waje minti 120 a rana saboda wannan dalilin. Gaskiya dai hasken waje ne yake aikin, ko ƙwallo yaro yake bugawa zai samu, sai dai keke yana jan yaro waje da kansa, tabilet kuwa yana jan shi lungun ɗaki ya kafa ido kan abu mai nisan taƙi ɗaya daga fuskarsa. Sannan barci, ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar sa'a 9 zuwa 12, yaron da ya yini a kan keke kafin ka gama yi masa faɗa ya yi barci, wanda ya shiga bargo da tabilet kuwa sai dai Allah. In yaron naku bai kai shekara biyar ba ma babu wata muhawara, hukumar ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban na'ura, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana, toh meye na saya masa nashi na kansa.

Amma fa kada wani ya ce na ɓoye, keke yana ji wa yara ciwo. Zai faɗi, gwiwa zata kurje, wani lokacin har haƙori ko karaya, wannan dole ne kusan kuma yawanci yana warkewa. Wanda baya warkewa shi ne na titi. Hukumar Lafiya ta Duniyar nan dai ita ce ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, kuma ƙaramin yaro bai iya auna gudun motar da take tahowa ba, sai ya ga tana nesa ya faɗa titi. Shi yasa na sa sharaɗin fili tun farko kuma da gaske nake. In ƙofar gidanku a bakin babban titi take kuma babu wani babba da zai riƙa kai shi inda zai hau, kada ku saya, ku jira. In kun saya kuma hular kwano tare zata zo a rana ɗaya, cikin kuɗin keken take ba wani abu ne na daban da za a sayo daga baya ba, bincike da yawa sun nuna tana rage mummunan rauni a kai da fiye da rabi. Ta zauna daidai kan goshi, igiyar ta kama haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai zai shiga.

Haɗarin tabilet kuwa baya zubar da jini shi yasa iyaye suke ganin shi ne mai lafiya, yaro yana zaune shiru a gabanka ai. Amma shirun nan ne abin dubawa. Bidiyo ɗaya yana ƙarewa wani yana farawa da kansa, kuma an tsara su ne dan kada a tashi, babba ma da hankalinsa kasa ajiyewa yake balle ɗan shekara bakwai. Wasannin da ake yi da mutane ta intanet akwai wajen hira a ciki, baƙon da bazaka taɓa bari ya tsaya da ɗanka a ƙofar gida ba yana iya yi masa magana kullum kana falo ɗaya da shi. Facebook da Instagram da TikTok duk shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, abin da ya samo asali daga wata dokar kare bayanan yara da Amurka ta yi a 1998, ƙasar Ostireliya kuma a Nuwamban 2024 ta yi dokar da ta ɗaga shi zuwa 16 a ƙasarta, kaga ba tsoron tsofaffi bane kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, kodayake adalci shi ne a faɗa cewa kaɗan ne cikin masu wasan suke kaiwa can, yawancin yara suna yi ne su tashi lafiya lau. Bambancin da nake gani shi ne ciwon keke kana ganinsa ka wanke ka ɗaure, na tabilet kuwa sai ka bi shi da bincike kafin ka san yana nan.

Sai maganar kuɗin bayan saye, wanda kusan kowa mantawa yake da shi ranar da yake ciniki. Keke yana cin kuɗi kaɗan kaɗan, faci, robar birki, ɗan man sarƙa, wata rana taya, kuma duk abubuwa ne da mai gyara yake yi a gabanka, yaron ma in ya tsaya yana kallo zai koya. Aibinsa ɗaya babba, yaro yana girma ya fi ƙarfinsa cikin shekara biyu ko uku. Amma ƙarfe ne, ƙani ya gada, ƙanwa ta gada, in babu mai gado a sayar a cika a sayi na gaba, keken da aka kula da shi yana yin yara uku huɗu. Tabilet kuwa yaro baya fin ƙarfinsa da tsawo, shi ne yake tsufa da kansa. Ga data ko kuɗin intanet duk wata, ga gilashi da faɗuwa ɗaya take gamawa da shi kuma gyaran a kan masu arha sai ya kusa kuɗin sabo, ga caja da yara suke lanƙwasawa, ga batir da yake raguwa ko ka lallaɓa shi, Apple da kansu sun ce batirin iPad an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji 1,000 cikakku, masu arha kuwa kada ka sa rai da haka. Bayan wasu shekaru kamfani ya daina turo sabuntawa, manhajojin da yaron yake so su fara ƙin buɗewa. Ga kuma saye a cikin gem, abin nan ba wasa bane, a 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 na sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni ba da sanin iyayensu ba. Dan haka katin bankinka kada ya taɓa zama a kan na'urar yaro.

A maganar na hannu ma sun bambanta sosai. Keke na hannu zaka iya duba shi da idonka cikin minti goma, ka juya taya ka ga ko ta karkace, ka matsa birki, ka bi jikin ƙarfen ka ga ko akwai tsagewa musamman wajen walda, in duk lafiya ka ɗauka hankali kwance. Tabilet na hannu kuwa abin da ya lalace a ciki yake, batirin da ya gaji, ko asusun mai shi na farko da bai cire ba ya kulle maka, ko ya tsufa har ba a sabunta shi. In kuɗin sun yi kaɗan toh keke na hannu mai kyau ya fi sabon tabilet mafi arha a kasuwa nesa ba kusa ba, dan irin waɗannan masu ƙaramar ma'ajiya suna cika da manhaja biyar su fara sanƙarewa, yaron da ya yi wata uku yana mafarki sai ka ganshi yana dukan fuskar da yatsa cikin takaici.

Amma in aka ce in zaɓi dalili ɗaya tak da ya sa nake karkata ga keke, wahalar iyaye ce, yaushe take zuwa kuma yaushe take ƙarewa. Keke wahalarsa a farko take. Zaka fita da yamma ka sunkuya ka riƙe, ka bi shi da gudu bayanka yana ciwo, ya faɗi ya yi kuka ya ce ya fasa ka lallashe shi, haka dai har ranar da zaka saki bai sani ba ya tafi shi kaɗai, daga nan kuma aikinka ya ragu sai dai sa ido. Tabilet kuwa ranar farko babu wahala ko kaɗan, ka miƙa ya karɓa gida ya yi tsit, har ka ce ashe da tuni na huta. Wahalarsa gaba take kuma kullum ce, ajiye ka ci abinci, saura minti biyar, Mama bari in gama wannan, ka yi aikin makaranta tukuna, waye ya ɗauko shi daga inda na ɓoye, haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Ku tambayi kanku tsakani da Allah, a gidan nan akwai wanda yake da lokaci da jajircewar tsayawa kan dokar nan kowace rana har ranar da ya dawo aiki a gajiye? In akwai, tabilet zai iya zama alheri. In babu, na'urar ce zata riƙa kafa doka a gidan.

Maganar riƙe wa yaro keke ta tuna min da John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ne ɗan Sikotilan da yake zaune a Belfast, a 1887 ya ga ɗansa yana shan jijjiga kan ɗan kekensa mai ƙafa uku saboda tayoyin daskararriyar roba ce, sai ya naɗa bututun roba ya hura masa iska ya ɗaura, a 1888 ya yi wa abin rajista, daga nan tayar iska ta bazu a duniya. Ina son labarin nan saboda uba ne kawai da ya tsaya yana kallon ɗansa yana wasa har ya lura da abin da yake damunsa. Su kuma masu ganin keke na maza ne, ku duba jihar Bihar a Indiya, a 2006 gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke, masu bincike suka bi diddigi suka ga shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ya ƙaru da kashi 32 cikin 100. In 'yarku ce ta ce keke take so ku saya mata keken, kada a canza mata da 'yar tsana.

Yanzu inda tabilet ya ci. Yaron da yake da wata larura a jiki da bazai iya hawa ba, ko wanda baya iya magana sosai kuma akwai manhajojin da suke taimaka masa ya faɗi abin da yake so, wannan babu ma haɗi. Gidan da yake hawa na sama a tsakiyar birni babu fili babu wajen ajiyewa, keke zai zama kaya ne a baranda yana tsatsa. Yaron da ɗaya daga cikin iyayensa yake nesa kuma kiran bidiyo ne kawai hanyar ganin fuskarsa. Yaron da ya haura goma sha ɗaya, ya riga ya iya keke ko yana da shi, makaranta kuma ta fara ba da aiki ta intanet. Sai kuma yaron da yake ƙirƙira, wanda duk takardar da ya samu sai ya zana, ko mai son haɗa abu, irin wannan in ka bashi tabilet da alƙalaminsa ka sa masa ScratchJr ko Scratch, waɗanda masana na jami'ar MIT suke da hannu wajen yinsu dan koya wa yara haɗa gem da kansu kuma kyauta ne, zaka sha mamaki. A nan abin lura shi ne yaron yana yin abu ne da na'urar ko kallo kawai yake, sa'a ɗaya ta zane da sa'a ɗaya ta gungura bidiyo ba ɗaya bane ko da agogo ya ce ɗaya ne. Akwai ma hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi wa yawancin gidaje, a sayi tabilet ɗin a matsayin na gida ba na wane ba, kowa yana da lokacinsa, dan abin da aka ce naka ne da wuya a karɓe shi ba rigima, wanda kuwa aro ake baka ka san zaka mayar.

In kun tsaya kan keke, girmansa ne abu na farko, kuma da faɗin taya ake aunawa: inci 12 na wajen shekara biyu zuwa huɗu, inci 16 na huɗu zuwa shida, inci 20 na shida zuwa tara, inci 24 na tara zuwa goma sha biyu, amma tsawon yaro ya fi shekarunsa muhimmanci. Dan Allah kada a sayi babba wai zai girma ya same shi, keken da ya fi ƙarfin yaro tsoro yake koya masa. Ya tsaya a tsakiya ƙafa biyu a ƙasa ƙarfen bai taɓa shi ba, yatsunsa su kai birki su iya matsawa, ka ɗaga keken ka ji nauyi dan wasu na yara masu ado da yawa nauyinsu ya wuce hankali. In sabon koyo ne, maimakon ƙananan tayoyin gefe gwara a kwance feda a sauke sirdi ƙasa ya riƙa turawa da ƙafa yana ɗagewa, in ya iya tsayuwa a kai sai a mayar da fedar, yawanci haka ya fi sauri. In kuma tabilet ne, a sa masa riga mai kauri da abin kare gilashi, a buɗe asusun yaro da tsarin sa idon iyaye, wato Family Link in Android ne ko Screen Time in na Apple ne, a kulle saye, a sa iyakar lokaci, duk kafin ya taɓa hannunsa, dokar da aka kafa ranar farko tana zama, wadda aka zo da ita bayan wata biyu kuwa hukunci yaro zai ɗauke ta. Kuma a falo yake kwana yana caji, baya shiga ɗakin barci.

Saura abu mai wuya, yaro ya ce tabilet ku kuma kun yanke keke, ko kuma kuɗin ko ɗaya basu samu ba bana. Kada ku bari sai safiyar Kirsimeti ya gane. Ke Mama ko kai Baba ku zaunar da shi tun da sauran makonni ku gaya masa gaskiya, bana ba tabilet, ga dalili, ga kuma shekarar da za a duba maganar, zai yi fushi zai yi kuka amma kukan farkon Disamba ya fi na ranar bikin sauƙi, kuma in kun tafi da shi ya gwada keken ya zaɓi launi ko ƙararrawa da kansa sai ka ga son ya fara komawa can. In kuɗi ne babu ku faɗa masa a fili, yara suna ganewa fiye da yadda muke zato, abin da basa iya ɗauka shi ne a ce musu za a saya alhali an san ba za a saya ba. Kuna iya buɗe masa asusu shi ma ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu, ku ce in ya kai kaza zaku cika, amma sai in kun tabbata zaku cika ɗin. In kuwa an samu an saya, daren jajibere a haɗa keken a ɗaure duk wani noti a hura taya a gwada birki gaba da baya, tabilet kuma a caje shi a gama duk sabuntawarsa, dan wasu sai sun ɗauki sa'o'i kafin su buɗe.